Ɗan To a Cikin Gajimare

Yayarsa ce ta raɗa masa Ɗan To tun yana ƙarami, sunan kuwa ya manne masa har furfura ta fito masa a gemu. A asibitin haƙori inda yake aiki Likita ake ce masa, a filin jirgi ana kiransa da lambar da ke rubuce a wutsiyar ɗan jirginsa, amma da zarar ya taka ƙofar gida ya koma Ɗan To. Ba a kuwa zalunce shi ba. Ka ce masa zo, to. Ka ce masa tafi, to. Ka ce masa rigarsa ta kama wuta, sai ya fara cewa to kafin ya duba.

Asalin abin a shagon babansa yake. Baba kafinta ne, irin waɗanda ke faɗin awo sau ɗaya tak, wanda bai ji ba ya kuka da kansa. Shagon ɗaki ne dogo mai ƙofa biyu, ƙasa shimfiɗe da dusar katako, fensir kullum a soke a bayan kunnen mai shagon. Wata rana Baba ya faɗa wa ɗansa tsawon katakon da zai yanko, shi kuwa don tsoron kada ya manta sai ya maimaita awon da ƙarfi. Baba ya ajiye zarto, ya juyo a hankali.

"Aku na haifa? Ni kake kwaikwayo? In babba ya yi magana, to ake cewa a wuce."

Bai ɗaga masa hannu ba, kallon kaɗai ya wadatar. Daga ranar yaron ya riƙe to ɗinsa gam, ya yi karatu da shi, ya fara aiki da shi, ya yi aure da shi.

Matarsa ce ta fara gano cewa to ɗin nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai to na na ji, akwai to na ban ji ba amma kunya ta hana ni tambaya, akwai kuma to na ki ƙyale ni in huta, kuma duk da murya ɗaya suke fitowa. Ta aike shi sayen sabulu ya dawo mata da sukari. Ta ce ya ɗauko yara daga makaranta, ya wuce gidan Yaya yana cigiyarsu. Takan ce, "Likita, don girman Allah in ba ka ji ba ka ce ba ka ji ba, ba wanda zai cinye ka." Shi kuma ya ce, "To."

Mutum mai irin wannan sanyi, me ya kai shi tuƙin jirgi? Tsoro ne ya kai shi, ba jarumta ba. Ya ga haɓoɓin mutane da yawa a farfashe a kan kujerar aikinsa, waɗanda aka kwaso daga hatsarin mota, har ta kai in ya hau babbar hanya tafin hannunsa gumi yake yi. Aikinsa kuma yana kai shi ƙananan asibitoci masu nisa. Sai shi da abokansa biyu, wani injiniya da wani mai kantin magani, suka haɗu a kan wani tsohon jirgi mai inji ɗaya da kujeru huɗu, suna karɓa-karɓa. A cikinsu shi ne matsoraci, kuma ba ya ɓoyewa. Yakan zagaya jirgin ya duba mai, ya taɓa taya, ya girgiza fiffike, ya shiga ya zauna, sannan ya sake fitowa ya duba man da ya riga ya duba.

Wanda ya koya masa tuƙi wani tsoho ne mai gajeren haƙuri da kowa ke kira Kyaftin. Shi ya koya masa tafiya a cikin gajimare, inda ba ka ganin ƙasa ba ka ganin sama, sai agogunan da ke gabanka da muryar mai hasumiya a kunnenka. Mai hasumiya shi ne ma'aikacin da ke zaune a ƙasa yana kallon jirage a kan allo, yana gaya wa kowa tsayin da zai tsaya a kai. Dokar aikin kuwa ita ce, duk lambar da ya ba ka sai ka mayar masa da ita da bakinka, kalma bayan kalma. Wato dai ainihin abin da Baba ya hana.

"Ka sake ce masa to ka gani in ban wurga ka ta taga ba," in ji Kyaftin wata rana suna can sama. "Shi yana ganin fuskarka ne? Ta ina zai san abin da ya shiga kunnenka in ba ka mayar masa ba? To ba lamba ba ce, Likita."

"To, Kyaftin."

Kyaftin ya cire hula ya maka masa a kafaɗa. Da ƙyar da jiɓin goshi Ɗan To ya koya, har ya ci jarrabawa ya karɓi lasisi, ya yi shekaru yana mayar wa masu hasumiya lambobinsu ba kuskure. Sai dai a duk shekarun nan Baba bai taɓa shiga jirgin ba.

Yanar ido ce ta shigar da shi. Idanun tsohon sun yi fari har ba ya gane jikokinsa sai ta murya, likitan da zai yi masa aiki kuma yana wani gari mai nisa a bayan duwatsu. Ga bayan Baba ba ya jure dogon zaman mota. Yaya ta yi ta juya maganar, a ƙarshe ta ce, "Ɗan To, kai za ka ɗauke shi a wannan abin naka. Amma wallahi ka dawo mana da shi yadda ka ɗauke shi." Ya ce to.

Da safe ya zaunar da Baba a kujerar dama, ya ɗaure masa bel, ya sa masa abin kunne mai makirufo don su riƙa jin juna a cikin ƙarar inji. Baba ya lalubi gaban jirgin, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya taɓe baki.

"Wannan ai gwangwani ne. Ko katako ɗaya babu a jikinsa."

Daga nan ya rufe ido ya kama addu'a har suka tashi suka yi nisa. Rana ta fito tas, iska a kwance. Ɗan To har ya fara jin daɗi, irin daɗin ɗan da ya samu damar nuna wa ubansa cewa shi ma ya iya wani abu.

Da suka doshi garin sai ga gajimare shimfiɗe a ƙarƙashinsu, fari fat, iyakar ganin ido. Bai yi mamaki ba, an gaya masa tun kafin ya taso, kuma an ce ta ƙasa akwai isasshen sarari na sauka. Taswirar hanyar sauka tana maƙale a cinyarsa. Ta nuna wani dogon dutse kwance a kan hanya, da turakun sadarwa a kansa. Dole jirgi ya tsaya a ƙafa dubu huɗu har ya wuce wata alama da ke bayan dutsen, sannan ya gangara zuwa titin sauka. Ya san wannan kamar yadda ya san haƙoran bakinsa.

Mace ce a hasumiya ranar. Ta kira lambarsa, ta ba shi hanya da tsayi, ya mayar mata. Ta sake ba shi wani, ya sake mayarwa. Da Turanci ake maganar radiyo, Baba kuwa ba abin da yake ji a Turanci sai lambobi, su ma a jikin ma'auni ya koye su. Amma kwaikwayo ba ya buƙatar tafinta. Tsohon ya buɗe ido.

"Wace ce wannan?"

"Mai hasumiya ce, Baba."

"Ita take ba ka umarni?"

"Aikinta ke nan."

"To ai ka ji ta. Me kake maimaita mata kamar mai tsokana? Baiwar Allah tana aikinta kana kwaikwayonta. Haka na rene ka?"

A nan ya kamata Ɗan To ya buɗe baki ya yi bayani, magana ce da ba ta fi a faɗe ta a numfashi ɗaya ba. Amma mutum mai furfura, likita, mai lasisin tuƙin jirgi, ya ji kunnuwansa sun yi zafi kamar yana tsaye a cikin dusar katako. Ya ce, "To, Baba." Akwai wani ɗan maɓalli a gabansa da ke yanke muryar fasinja daga kunnen matuƙi. Ya kalle shi, hannunsa ya ƙi zuwa. Wa yake katse wa ubansa magana? Daga nan in mai hasumiya ta yi magana sai ya riƙa mayar mata ƙasa-ƙasa, yana haɗiye rabi.

Suka nutsa cikin gajimare. Rana ta ɓace, taga ta koma toka-toka, ruwa ya fara gudu a kan gilashi. Jirgin ya shiga girgiza, ya ɗaga su ya saki, ya sake ɗagawa. Ɗan To ya kafe idonsa a kan agoguna. Baba ya dafe kunne, ya fara nishi.

"Kai, kunnena zai fashe. Sauke ni. Ka ji ni ko? Ka sauka da abin nan!"

Daidai lokacin mai hasumiya ta yi magana. Cewa ta yi ya tsaya a dubu huɗu har ya wuce alama, sannan an ba shi izinin kama hanyar sauka. Muryoyi biyu suka haɗu a kunnensa. Ya tsinci lambar jirginsa, ya tsinci izini, ya tsinci sauka. Abin da ke tsakiya ya shige ƙarƙashin muryar Baba. Babban yatsansa ya danna maɓallin magana, bakinsa ya furta abin da ya saba.

"To."

Wa ya amsa wa, uban ko mai hasumiya, shi kansa bai sani ba. Kafin ta nemi ya maimaita, wani babban jirgin fasinja ya kira ta, magana ta barke tsakaninsu, ba gurbin da mutum zai sa baki.

Zuciyarsa ta ce masa ya jira ya tambaya. Wata zuciyar ta ce ai ta ba da izini, ai tana ganinsa a allo, da akwai matsala da ta faɗa. Ga Baba yana nishi a gefe yana kiran sunan Allah. Shi likita ne, ya san gangarawar ma ita ke ƙara ciwon kunne, amma an ce masa ya sauka. Ya ja totur baya, ƙarar inji ta ragu, hancin jirgin ya sunkuya.

Allurar agogon tsayi ta bar dubu huɗu ta fara komawa baya. Waje ya ƙara duhu. Wani abu ya riƙa cin sa a ciki, irin abin da ke cin mutum in ya fito daga gida yana kokwanton ko ya kashe murhu. Ya dubi taswira, ya dubi agogon da ke nuna nisa, ya sake duban taswira. Alamar tana gaba. Ba su wuce ta ba, ba su ma kusa ba. In alamar tana gaba, to dutsen ma yana gaba, a cikin wannan tokar da ba ya ganin ko ƙarshen fiffikensa. Tsoro ya daskarar da shi, hannunsa na kan totur amma ya kasa motsa shi.

Sai muryarta ta faso, ba irin ta ɗazu ba. Ta kira lambarsa sau biyu a jere.

"Kana ƙasa da tsayin da na ba ka! Hau yanzu! Hau zuwa dubu biyar, akwai dutse a gabanka!"

"Me ta ce?" in ji Baba. Ya laluba ya damƙe hannun ɗansa na dama, hannun da ke kan totur, da irin riƙon da ya shekara yana yi wa zarto. "Na ce ka sauke ni. Kada ka kuskura ka sake ɗaga ni sama!"

Ɗan To ya ji yatsun tsohon sun nutse a damtsensa. Ya ga fuskar Yaya a zuciyarsa, ya ji maganarta ta ranar. Ya fizge hannunsa da ƙarfin da bai san yana da shi ba.

"Baba, sake ni! Yi shiru!"

Ya tura totur har ƙarshe, ya jawo sitiyari. Inji ya yi ruri, jirgin ya ɗaga hanci. Ya danna maɓalli ya yi magana da ƙarfi.

"Ina hawa dubu biyar. Dubu biyar, ina hawa."

Tsohon jirgi ba ya gaggawa don ka tsorata. Allurar ta tsaya cak kamar mai shawara, sannan ta fara tafiya gaba a hankali, a hankali. Ya so ya ƙara jan sitiyari, ƙararrawar gargaɗi ta yi ɗan fito, ya tuna in ya wuce gona da iri jirgin zai rasa iska ya faɗo, ya ɗan sassauta. Bakinsa na motsi, Innalillahi kawai yake iya kamawa. Bai san ko dutsen zai zo ta gaba ko ta ƙasa ba, jira kawai yake ya ji ƙarar.

Gajimaren ya ɗan yage ta hagu. Ya ga jar fitila. Ya ga ƙarfe a sarƙe da ƙarfe, da wata waya mai kauri da ta miƙe ta ɓace cikin toka. Turken ya wuce ta ƙarƙashin fiffikensa, kusa har ya ga tsatsa a jikin kusoshi. Gajimare ya sake rufewa. Baba bai ga komai ba, idanunsa ba su kai can ba, amma ya ji irin numfashin da ɗansa ya ja.

Da allura ta kai dubu biyar mai hasumiya ta sake magana, muryarta ba ta gama dawowa daidai ba. Ta juya shi, ta zagaya da shi, ta sake ɗora shi a kan hanya tun daga farko. Duk lambar da ta ba shi ya mayar mata cikakkiya, da ƙarfi, ko wasali bai haɗiye ba. Ta ce ya tsaya a dubu huɗu har ya wuce alama. Ya ce zai tsaya a dubu huɗu har ya wuce alama. Ya riƙe allurar a kan lambar kamar ransa a kanta yake rataye, don kuwa a kanta yake. Rigarsa ta manne da kujera. Baba ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwoyinsa, ya miƙar da wuya, ko nishin ma ya daina.

Suka wuce alama, suka gangara, gajimare ya sake su. Ga gonaki a jiƙe, ga rufin gidaje, ga fitilun titin jirgi a jere. Saukar ba ta yi kyau ba, jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle kafin ya zauna. Mai hasumiya ta gaya masa inda zai ajiye jirgin, ta ce in ya kashe inji ya kira ta a waya. Ya maimaita wannan ma. Ya san za a yi masa tambayoyi, wataƙila ma a mayar da shi hannun Kyaftin ya sake koyo, amma duk wannan bai kai masa tsoron mutumin da ke zaune a damansa ba. Tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga wa Baba murya ba, yau ga shi ya fizge hannu ya ce masa ya yi shiru.

Suna tafiya a hankali a kan kwalta, ruwa na ɗiga daga fiffike, sai Baba ya yi gyaran murya. Bai juyo ba.

"Awo nawa ta ba ka?"

"Dubu huɗu, Baba."

"Kai kuma nawa ka yi?"

"Na gangara har kusa da dubu uku."

"Ba ka ji ta ba ne?"

Ɗan To ya ce, "Ban ji duka ba."

"Ka ce mata me?"

"Na ce to."

Tsohon bai ƙara tambaya ba. Ya ɗaga hannu ya shafa bayan kunnensa, inda fensir ya saba zama, ya sauke. Ɗan To ya saci kallonsa, ya kasa gane ko fushi ne a fuskar ko wani abu daban. Ya gwammace a zage shi da wannan shirun.

Ya tsayar da jirgin a inda aka ce. Inji bai mutu ba tukuna, farfela tana juyawa a gaba, sai ya ga Baba ya kwance bel yana laluben marfin ƙofa. Ya rage murya yadda ya iya, ya yi maganar yana jiran abin da zai biyo baya.

"Baba, kada ka buɗe ƙofa sai farfela ta tsaya."

Hannun tsohon ya tsaya a kan ƙofar. Ya janye shi a hankali ya mayar kan gwiwa. Sannan ya gyara makirufon ya matso da shi bakinsa, kamar yadda ya ji ɗansa yana yi, ya yi magana dalla-dalla.

"Kada in buɗe ƙofa," in ji Baba, "sai farfela ta tsaya."

Ɗan To ya miƙa hannu ya kashe inji. Farfelar ta yi ta juyawa tana rage gudu, su biyun suna zaune suna jiranta, shi yana kallonta ta cikin ruwan da ya cika masa ido, Baba yana saurarenta da kunne.